Komawa motar haibirid: yaushe take biyan kuɗinta, yaushe take zama asara?

Duk lokacin da kuɗin fetur ya tashi, mai mota yakan fara duban motarsa da wani ido. Ya tsaya a gidan mai yana kallon mita tana gudu, tankin bai cika ba, sai tunani ya zo masa cewa da ya rabu da wannan ya sayi haibirid da ya huta. Tunanin yana da tushe, domin motar da ke haɗa injin fetur da na lantarki tana shan mai kaɗan da gaske, ba talla ba ce. Amma akwai tambayoyi biyu da mutane kan cakuɗa su wuri ɗaya, alhali amsarsu ta sha bamban. Ta farko: mutumin da ya riga ya yanke shawarar sayen mota, haibirid zai ɗauka ko ta fetur zalla? Ta biyu: mutumin da ke da mota lafiyayya, ya sayar da ita ya ƙara kuɗi don kawai ya rage shan mai? A tambayar farko haibirid takan yi nasara sau da yawa. A ta biyu, in an yi lissafi tsakani da Allah, ba kasafai take yi ba.

Kafin lissafi, sai an san inda rangwamen man yake fitowa, domin a nan ne ake gane wanda motar za ta amfana da wanda ba za ta amfana ba.

Motar fetur tana ɓarnar mai a wurare uku. Na ɗaya shi ne birki. Duk sanda ka taka totur mota ta ɗauki gudu, ka sayi wannan gudun da fetur. Da ka taka birki, sai takalmin birki ya matse faranti, gudun nan ya koma zafi ya bi iska. A haibirid, idan ka taka birki a hankali, injin lantarkin da ke juya taya ne ke komawa janareta, ya riƙe motar, ya tura wutar cikin batir. Ba duka ake maidowa ba, amma wani kaso mai kauri yana dawowa, kuma da shi motar ke sake tashi daga tsaye. Na biyu shi ne tsayuwa da inji a kunne. Ƙaramar mota da ke tsaye a danja ko cikin cunkoso tana ƙona abin da ya kai rabin lita zuwa lita ɗaya a awa ba tare da ta motsa taku ɗaya ba. Haibirid tana kashe injin fetur a irin wannan hali, na'urar sanyaya ciki kuma ta ci gaba da aiki da wutar batir. Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne girman injin kansa. Ana ƙera injin mota da ƙarfin da zai ishe ta hawan tudu da wuce wata motar, amma yawancin lokaci kaɗan daga wannan ƙarfin ake amfani da shi, kuma injin fetur ya fi ɓarna sa'ad da yake aiki sama-sama. A haibirid injin lantarki ne ke ɗaukar nauyin tashi da ƙarin ƙarfi na ɗan lokaci, saboda haka aka samu damar sa injin fetur mai tsarin Atkinson, wanda ke jinkirta rufe bawul ɗin shigar iska don ya tatsi aiki mai yawa daga kowane ɗigon mai, ko da ƙarfinsa ya ragu. Injin Prius, motar haibirid ta Toyota, na zubi na huɗu, wanda ya fito a 2015, ya kai kashi 40 cikin 100 wajen mayar da zafin fetur zuwa aiki, adadin da injinan fetur na gama-gari ba sa kaiwa a lokacin.

Duba waɗannan ukun da kyau: biyu daga ciki na cikin gari ne. A kan babbar hanya, inda mota ke tafiya da gudun kilomita 110 ko 120 na tsawon awanni, babu birkin da za a tattara wutarsa, babu tsayuwar da za a kashe inji. Abin da ke cin mai a can shi ne iska, kuma turjiyar iska tana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kansa: daga kilomita 80 zuwa 120, gudu ya ƙaru da rabi, turjiyar ta ninka fiye da sau biyu. Batir ba shi da maganin wannan.

Alƙaluman hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, sun nuna bambancin a fili. Toyota Corolla ta 2020 mai injin lita 1.8 da giya mai canza kanta an ƙiyasta mata kimanin lita 7.8 a kowane kilomita 100 cikin gari, da lita 6.2 a babbar hanya. 'Yar'uwarta haibirid ta shekarar kuwa lita 4.4 a gari, 4.5 a babbar hanya. Jiki ɗaya, kamfani ɗaya, shekara ɗaya. A gari tazarar lita 3.4 ce, a babbar hanya ta ragu zuwa 1.7, wato rabi. Mai tafiye-tafiyen nesa yana samun rangwame, amma rabin na mai zirga-zirgar cikin gari.

Lissafin da ya kamata a yi

Abu na farko shi ne ka san ainihin abin da motarka ta yanzu take sha, ba abin da kake ji a jikinka ba. Cika tanki har famfo ya katse da kansa, ka mayar da ƙaramar mitar kilomita zuwa sifili, ka yi harkokinka kamar kullum. In ka koma, cika kuma har famfo ya katse, ka rubuta litar da ta shiga da kilomitar da ka yi. Raba lita da kilomita, ka ninka da 100. Lita 42 a kilomita 500 ya ba da lita 8.4 a kowane kilomita 100. A yi haka sau uku a ɗauki matsakaici, domin tanki ɗaya yana iya yaudara. Adadin da allon mota ke nunawa ma kada a dogara da shi kacokan, yakan ɗan yi wa motar kara.

A yi lissafin da lita a kilomita 100, ba kilomita nawa lita ɗaya ke kaiwa ba, saboda na biyun yana ruɗar ƙwaƙwalwa. Masu bincike biyu na jami'ar Duke, Richard Larrick da Jack Soll, sun yi bayanin wannan ruɗin a mujallar Science a 2008. Ga yadda yake. Mutumin da ke yin kilomita 15,000 a shekara, ya bar motar da ke yin kilomita 7 da lita ɗaya ya koma mai yin 10, ƙarin kilomita uku kacal, ya rage lita 643 a shekara. Wani ya bar mai yin 20 ya koma mai yin 25, ƙarin kilomita biyar, amma lita 150 kawai ya rage. Darasin da ke ciki mai nauyi ne: wanda ke tuƙa babbar mota mai zuƙar mai zai iya samun yawancin rangwamen da yake nema ta hanyar komawa ƙaramar motar fetur ta yau da kullum, ba tare da ya taɓa batir ba. Wanda kuma motarsa ƙarama ce mai tattali tun asali, abin da haibirid za ta ƙara masa bai taka kara ya karya ba.

Tunda farashin mai yana hawa yana sauka, hanya mafi sauƙi ita ce a mayar da kowane kuɗi zuwa lita. Ka ɗauki bambancin farashin motocin biyu ka raba shi da kuɗin lita ɗaya a yau, sai ka san lita nawa haibirid ke bin kanta bashi kafin ta fara kawo riba. Mu ɗauki misali: mota mai shan lita 8, haibirid mai shan lita 5, bambancin farashinsu kuma daidai da kuɗin lita 2,000. Mai yin kilomita 15,000 a shekara yana rage lita 450, zai maido kuɗinsa cikin shekara huɗu da rabi. Direban haya da ke yin kilomita 50,000 yana rage lita 1,500, wata goma sha shida sun ishe shi, shi ya sa a manyan biranen duniya masu tasi suka riga kowa rungumar irin wannan mota. Wanda ba ya wuce kilomita 6,000 a shekara kuwa lita 180 yake ragewa, sai ya shekara goma sha ɗaya kafin ya fita daga bashin, kuma a daidai wannan lokacin batir ya fara tsufa.

Yanzu a koma ga mai mota lafiyayya da ke son canji. Shi ba bambancin farashin sababbi biyu zai biya ba. Zai biya tazarar da ke tsakanin abin da za a sayi tsohuwar motarsa da kuɗin wadda zai ɗauka, kuma wannan tazarar takan ninka waccan sau da yawa. A ce ta kai kuɗin lita 8,000. Da rangwamen lita 450 a shekara, sai kusan shekara goma sha takwas. Babu wanda ya kamata ya shiga wannan ciniki da sunan tattali. Ga kuɗin rajista, ga inshorar da takan hau idan darajar mota ta hau, in kuma da bashi za a saya ga abin da mai ba da bashin zai ɗora. Sabuwar mota ta fi zubar da daraja a shekarunta na farko, tsohuwar da ke hannunka kuwa ta riga ta gama wannan faɗuwar. Mutum yana jin zafin kuɗin mai saboda yana biyansa kowane mako da hannunsa, faɗuwar daraja kuwa shiru take yi sai ranar sayarwa, amma ga mota sabuwa sau da yawa ita ce ta fi mai cin kuɗi. In mutum yana son sabuwar mota don yana sonta, wannan haƙƙinsa ne. Abin da bai kamata ba shi ne ya yaudari kansa cewa fetur ne zai biya masa.

Lamarin yana canzawa idan tsohuwar motar ta kai gaɓar da take neman babban gyara, inji ko giyabos, wanda kuɗinsa ya kusa darajarta. A nan sayen wata ya zama dole, an koma tambayar farko ke nan.

Ba kowace haibirid ce haibirid ba

Sunan ya zama abin talla, ana liƙa shi a bayan motoci iri uku da ba su da kama da juna. Akwai cikakkiya, irin wadda Toyota ta fara sayarwa a Japan a Disambar 1997 da sunan Prius: tana iya tafiya da lantarki kaɗai a ƙaramin gudu na ɗan gajeren zango, tana cajin kanta, ba a jona ta a soket. Duk lissafin da ya gabata a kanta yake. Akwai mai sauƙi, wadda yawanci ke da ƙaramin batir mai bolt 48 da ɗan injin lantarki mai taimaka wa na fetur wajen tashi; ita ba ta iya tuƙa motar da lantarki kaɗai yadda cikakkiya ke yi, kuma rangwamenta ɗan kaɗan ne. Wanda ya biya ta kuɗin cikakkiya an kwashe masa ƙafa.

Ta uku ita ce mai babban batir da ake jonawa a wuta, wadda ke iya yin kilomita gommai ba tare da ta taɓa fetur ba. A takarda ita ce sarauniya, wani lokaci a rubuta mata ƙasa da lita 2 a kilomita 100. Amma wannan adadin ya ginu ne a kan zaton ana cajinta kullum. Wani nazari da cibiyoyin bincike na ICCT da Fraunhofer ISI ta Jamus suka fitar a 2022 ya gano cewa a Turai irin waɗannan motoci na masu zaman kansu suna shan kusan ninki uku na abin da aka rubuta, na kamfanoni kuma kusan ninki biyar, musamman saboda ba a jona su yadda aka zata. Wanda ba shi da wurin caji tabbatacce a inda motar ke kwana, ya sayi batir mai nauyi ne kawai yana yawo da shi da ƙarfin fetur.

Batir, da abin da ke kashe shi

Nan ne tsoron mutane yake, kuma tsoron yana da rabin gaskiya. Batirin cikakkiyar haibirid ƙarami ne ƙwarai. Na Prius ta 2004 zuwa 2015 na nikel ne, ɓangarori 28 jere, kowanne bolt 7.2, jimilla bolt 201.6, yana riƙe wutar da ba ta wuce kilowat-awa 1.3 ba. Kwamfutar motar ba ta barin ya cika maƙil ko ya ƙare ƙaf. Tana riƙe shi tsakanin kusan kashi 40 zuwa 80. Wannan takatsantsan ne ya sa yake shekara goma ko fiye, saɓanin batirin waya da ake cikawa a ƙarar kullum. A Amurka, Toyota ta ƙara garantin batirin zuwa shekara 10 ko mil 150,000, wato kimanin kilomita 240,000, daga motocin 2020, bayan da can shekara 8 ne ko mil 100,000. Kamfani ba ya ba da irin wannan garanti a kan abin da yake mutuwa da wuri.

Amma yana mutuwa, kuma abin da ya fi gaggauta masa shi ne zafi. Batirin yana ƙarƙashin kujerar baya ko bayanta, wata 'yar fanka ce ke jawo masa iska daga cikin motar ta wata ƙofa mai raga a gefen kujera. Ƙura, gashi, zaren tufafi, duk suna taruwa a fukafukan fankar har su yi kauri kamar auduga. Wani lokaci ma jaka ce ko matashi aka jingina a kan ragar aka toshe ta ba a sani ba. Iska ta ragu, ɓangarorin da ke tsakiyar jerin su fi na gefe zafi, su riga su lalacewa. Tsabtace fankar aikin awa ɗaya ne ko biyu, kuma a yanayi mai zafi da ƙura ya cancanci a yi shi duk shekara. Kunna na'urar sanyaya ciki ma taimakon batir ne, tunda iskar da fasinja ke shaƙa ita yake shaƙa. Abu na biyu da ke cutar da shi shi ne ajiya. Motar da aka jingine wata da watanni ba a tayar ba, ɓangarorin batirinta suna zubar da wuta ba daidai da juna ba. Saboda haka tsohuwar haibirid mai ƙarancin kilomita ba lallai ta fi mai yawan kilomita lafiyar batir ba. Shekaru sun fi mita faɗar gaskiya a nan.

Alamomin tsufa suna bayyana kafin fitilar gargaɗi ta kama. Ma'aunin batir a allo ya riƙa cika cikin mintuna kaɗan ya kuma zube cikin mintuna kaɗan, injin fetur ya ƙi mutuwa a danja, ƙarar fanka ta riƙa tashi daga bayan kujera, shan mai ya ƙaru. In abin ya kai maƙura, na'urar bincike takan nuna lambar P0A80, wadda ma'anarta a canza batir.

A nan masu mota da yawa ke asara sau biyu. Za a ce musu ɓangare ɗaya ne ko biyu suka mutu, a canza su kawai, kuɗi kaɗan. Gaskiya ne fitilar za ta mutu, motar ta tashi. Amma sauran ɓangarori 26 ɗin sa'o'in wanda ya mutu ne, zafi ɗaya suka sha, kuma sabon da aka saka ƙarfinsa bai yi daidai da nasu ba. Bayan 'yan watanni wani ya faɗi, a sake kwance kujera, a sake biyan aiki. Wannan gyaran ya dace da wanda ke son motar ta kai shi wata shida kafin ya tara kuɗi, bai dace da wanda ke son ya riƙe ta shekara biyar ba. Duk mai sayen haibirid da ta haura shekara goma ya tambayi kuɗin cikakken sabon batir tun kafin ciniki, ya mayar da shi lita, ya ɗora a kan lissafinsa kamar ya riga ya biya. In lissafin ya tsaya da ƙafarsa bayan haka, to motar ta cancanta.

Adalci kuma ya sa a faɗi abin da take sauƙaƙawa. A tsarin Toyota babu sitata irin ta sauran motoci, babu altaneta, babu kuloci, kuma giyar ba ta da bel ko faranti masu cinyewa; wani jerin haƙoran ƙarfe ne ke raba ƙarfi tsakanin injin fetur da injinan lantarki biyu, kuma yana daga cikin sassan da ba kasafai ake jin kukansu ba. Takalmin birki yana daɗewa ƙwarai tunda janareta ke yin yawancin aikin, har ma matsalar takan juya: saboda ƙarancin amfani, sandunan da birkin ke zamewa a kansu su yi tsatsa su maƙale, don haka a riƙa kwance su ana shafa musu giris.

Akwai wasu kurakurai da ke jawo babbar asara, kuma yawancinsu daga rashin sani ne. Kwamfuresar sanyaya ciki ta lantarki ce mai ƙarfin wuta, tana buƙatar nata man na musamman, ND-11 a motocin Toyota. In aka zuba mata man kwamfuresar motocin fetur, yana rage kariyar wayoyin da ke cikinta, wuta ta fara zurara zuwa jikin mota, kwamfuta ta hana motar tashi. Inbata, wato akwatin da ke juya wutar batir zuwa irin wadda injin lantarki ke ci, tana da nata ruwan sanyaya da nata famfo daban da na lagireton inji. In famfon ya tsaya ba a lura ba, inbatar ta ƙone, kuma kuɗinta ba wasa ba ne. Dubawa mai sauƙi ce: mota a kunne, ka leƙa ƙaramin tankin ruwan inbata, ya kamata ka ga ruwan yana ɗan motsi. Prius ta 2010 zuwa 2015 an san ta da toshewar bututun da ke mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji. In baƙin toka ya cika shi, injin yakan yi kakkarwa da safe, kuma makanikai da yawa suna danganta shi da ƙonewar gasket a motocin da suka yi nisa. Ba a jan irin wannan mota da igiya tayoyin gaba suna ƙasa, domin juyawarsu tana juya injin lantarki ya haifar da wuta inda ba a shirya mata ba. A ɗora ta a kan motar ɗauka. Barin ta a giyar N na dogon lokaci cikin cunkoso yana zuƙe batir, saboda a N ba ta caji. Sannan akwai ƙaramin batir mai bolt 12 da ke kunna kwamfutoci. In ya yi rauni allo yakan cika da fitilun gargaɗi masu tayar da hankali, mutum ya ɗauka babban ne ya mutu. A gwada ƙaramin tukuna.

Wayoyin da aka lulluɓe da roba ruwan lemo kuwa na babbar wuta ne, wadda ke iya kisa. Ba wurin koyon aiki ba ne. Wannan ya kawo sharaɗin da ba ya shiga lissafin lita amma yana iya rushe shi gaba ɗaya: shin akwai makanikin da ya san motar, mai na'urar karanta kwamfutarta, da kayan gyara na ƙwarai, a inda za ka iya kaiwa? In babu, ƙaramar matsala takan zama canje-canjen kaya bisa hasashe, kuma rangwamen shekara biyu ya tafi a mako ɗaya.

Yanayin tuƙi ma yana taɓa sakamakon. In tafiyarka ta kilomita biyu ce ko uku, injin fetur zai yi ta aiki don ya ɗumama kansa da matatar hayaƙin da ke jikin salansa, ka isa kafin a fara tattalin. A ƙasashe masu tsananin sanyi, ɗumama cikin mota yana tilasta wa injin ya ci gaba da ruri. Direban da ke taka birki da ƙarfi a ƙurarren lokaci yana zubar da wutar da ya kamata ta koma batir, domin janareta yana da iyakar abin da zai iya karɓa, ragowar takalmin birki ne ke cinyewa. Wanda ke hango tsayuwa daga nesa ya sassauta a hankali shi ne ke ganin adadin da aka rubuta a takarda. Taya mai ƙarancin iska kuma tana cin nata rabon, a haibirid da wadda ba haibirid ba.

Wanda damuwarsa hayaƙi ne ba aljihu ba, lissafinsa gajere ne. Kowace litar fetur tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon, saboda haka lita 450 a shekara ya haura tan ɗaya kaɗan. Ƙera sabuwar mota kuwa yana fitar da tan da dama kafin ta taka hanya. Mai yawan tafiya yana biyan wannan cikin 'yan shekaru, mai ƙarancin tafiya yana daɗewa, kusan yadda lissafin kuɗin ya nuna.

Idan ta hannu za a saya, kada a tsaya ga kyan fenti da sanyin ciki. A je da na'urar karanta kwamfutar mota, wato OBD2, da manhajar da ke iya karanta batirin haibirid. A irin batirin da aka ambata, kwamfuta tana auna ɓangarorin bibbiyu, rukuni 14. A tayar da motar, a tuƙa ta minti ashirin zuwa talatin, a taka totur sosai a hawa, a sassauta a gangara, ana kallon bolt na kowane rukuni. Lafiyayyen batir rukunansa suna hawa suna sauka tare, tazararsu ƙanƙanuwa. In ɗaya yana faɗuwa ƙasa da sauran da abin da ya kai bolt 1.2 lokacin da aka matsa wa motar, ɗaya daga cikin ƙananan ƙwayoyin da ke cikin ɓangarorinsa ta mutu, domin kowace ƙwayar nikel bolt 1.2 take bayarwa. A duba ko an goge lambobin matsala kwanan nan. Na'urar tana nuna hakan, saboda gwaje-gwajen da kwamfutar ke yi wa kanta za su nuna ba su kammala ba, kuma mai sayarwa da ya goge jiya yana da abin da yake ɓoyewa. A ɗaga shimfiɗar but a taɓa ƙasan inda safayar taya take, a shinshina, domin motar da ruwa ya taɓa shiga har ya kai ga batir ba abin saye ba ce kowane irin rangwame aka yi. A leƙa ƙarƙashi a tabbatar matatar hayaƙi tana nan ba a yanke ta an liƙa bututu ba, tunda ta haibirid ɓarayi sun fi nema saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Sannan a nemi a tayar da injin da safe yana sanyi, a gabanka, ba wanda aka riga aka ɗumama kafin ka iso ba.